Cikar Tsabar Alkama: Aikin Ƙwayoyin Gado da Ɓarnar Zafi

Alkama baƙuwa ce a ƙasar Hausa, amma baƙuwar da ta daɗe har aka saba da ita. Tun kafin zuwan Turawa ana noma ta da rani a fadamu da bakin koguna, ana ba ta ruwa da jigo, kuma har yanzu akwai ta a lambunan duwatsun Azbin. Da ita ake yin alkaki da gurasa da finkaso da taliya, watau abincin biki da na saukar baƙo mai daraja. Asalinta kuwa can gabas ne, a yankin da ya haɗa kudancin Turkiyya da Siriya da Iraƙi na yau, inda mutane suka fara shuka ta kimanin shekara 10,000 da suka wuce. Shuka ce ta ƙasar sanyi. Shi ya sa manomin Kano ko na Barno ba ya shuka ta da damina kamar gero da dawa, sai ya jira hunturu, ya ari sanyin wata uku ya noma ta a ciki.

Da burodi ya zama abincin yau da kullum a birane, sai bukata ta wuce abin da fadama za ta iya bayarwa nesa ba kusa ba. Aka gina manyan madatsun ruwa, na Tiga a 1974 da na Bakalori a 1978, kuma alkama na daga cikin amfanin da aka sa wa rai. A farkon 1987 gwamnatin tarayya ta hana shigo da alkama ɗungum don a tilasta noma ta a gida, amma ba a cika shekara 6 ba aka janye dokar. Har yau Nijeriya tana sayo miliyoyin tan daga waje kowace shekara, abin da ake nomawa a gida kuwa bai kai kashi 5 cikin 100 na abin da ake ci ba. Dalilan haka suna da yawa, akwai na kuɗi, akwai na siyasa, akwai na kasuwa. Amma akwai wani dalili guda wanda yake cikin tsabar kanta, a cikin kwanaki 30 zuwa 40 da take yi tana cika, kuma shi ne wannan bayani zai bi.

Gadon da alkama ta ɗauko

Jikin kowace shuka ginanne ne da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ɗakuna waɗanda ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Kowane ɗaya ana ce da shi tantani. A cikin tantani akwai zarurruka da ake kira kuromosom, a jikinsu kuwa aka jera ƙwayoyin gado. Ƙwayar gado umarni ce rubutacciya da sinadarin DNA, mafi yawa umarnin yadda za a ƙera wani furotin. Waɗansu furotin ɗin ma'aikata ne, su ake kira inzayim, su ne ke juya sukari ya zama sitaci da makamantan wannan. Waɗansu kuwa shugabannin aiki ne, ba su ƙera komai, aikinsu kawai su buɗe wannan ƙwayar gado su rufe waccan. Saboda haka tantanin saiwa da na ganye da na tsaba duk littafi ɗaya ne a hannunsu; abin da ya bambanta su shi ne shafin da kowane ya buɗe, da kuma ranar da ya buɗe shi. Wannan buɗewa da rufewa a kan kari ita ce maƙasudin zancen.

Littafin alkama kuwa babba ne ƙwarai, don ciyayi uku ne suka haɗu suka haife ta. Da farko waɗansu ciyayin daji biyu suka yi aure a tsakaninsu, aka sami alkama mai kuromosom 28, wadda daga zuriyarta ne alkamar makaroni ta fito. Daga baya, kimanin shekara 8,000 zuwa 10,000 da suka wuce, wannan ta haɗu da wata ciyawa a kudancin Tekun Kasfiyan, aka sami alkamar burodi mai kuromosom 42. Masana suna kiran gadon kakannin nan uku da haruffan A da B da D. A 2018 ne wata ƙungiyar masana ta ƙasashe da yawa ta fitar da cikakken karatun wannan littafi, aka tarar yana da haruffa wajen biliyan 16, watau ninkin na ɗan Adam sau 5, da ƙwayoyin gado sama da 107,000.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga cikin ƙwayoyin gado suna da kofi uku, ɗaya daga kowane kaka. Wannan gata ne ga alkama, don in ɗaya ta lalace biyu za su riƙe aikin. Amma ga mai bincike wahala ce babba. Idan canji mai amfani ya auku a kofi ɗaya, sauran biyun sukan lulluɓe shi har manomi ya shekara dubu bai gan shi a gona ba. Shi ya sa da yawa daga cikin ƙwayoyin gadon da ke sarrafa girman tsaba a jikin shinkafa aka fara gano su, don ita kofi ɗaya gare ta, sa'an nan aka koma aka nemo 'yan'uwansu a alkama.

Ginin rumbu, da cika shi, da liƙe shi

Alkama kan yi wa kanta barbara. Bununin fure yakan faɗa kan macen furen da suke ɗaki ɗaya, kuma kowane ƙwayar bununi yana ɗauke da maniyyi biyu. Ɗaya ya haɗu da ƙwai ya zama ɗan tsiron da ke kwance a gindin tsaba. Ɗayan ya haɗu da wani tantani na uwa ya zama farin cikin tsaba, wanda shi ne fulawa in an niƙa. Wannan farin ciki shi ne sama da kashi 80 cikin 100 na nauyin tsaba. Dusa tana da wajen kashi 14, ɗan tsiron kuwa bai wuce kashi 3 ba. Ɓawon da ya lulluɓe su jikin uwa ne zalla, uba ba shi da rabo a ciki.

Ana iya kwatanta abin da ke biyo baya da aikin rumbu. Manomi ba ya zuba hatsi sai ya gina rumbun, kuma girman da ya yi masa tun farko shi ne iyakar abin da zai ci, ko da kaka ta yi albarka. Haka tsaba take. A kwanaki 3 ko 4 na farko cibiyoyin tantani suna ta rarrabuwa cikin sauri ba tare da bango a tsakaninsu ba, kamar fili ɗaya mai ɗauke da harsashin ɗakuna dubbai. Sa'an nan a ta da bangaye, a ci gaba da rarrabuwa har wajen mako biyu. A wannan lokaci tsaba tana shan ruwa tana tsawo, amma in aka matsa ta ruwa-ruwa ne kawai zai fito. Yawan ɗakunan da aka samu, da kuma iyakar miƙewar da ɓawo ya yarda ya yi, su ne girman rumbu. Bincike ya nuna ma cewa tun kafin fure ya buɗe an fara yanke wannan hukunci, don macen fure mai girma ita ce ke ba da tsaba mai girma.

Bayan wannan sai cika. Ƙwayoyin gadon rarraba tantani su yi shiru, na ƙera sitaci da furotin su buɗe. Ganyen ƙarshe na saman kara da zangarniyar kanta suna haɗa sukari da hasken rana, sukarin ya gangaro ta tsagar nan da ke cikin tsaba, inzayim iri-iri su karɓe shi hannu da hannu. Na farko ya shirya shi, na biyu ya ƙulla shi sarƙa-sarƙa, na uku ya yi wa sarƙar rassa. A nan ne tsaba ke wucewa daga ruwan madara zuwa ƙullu, daga ƙullu zuwa tauri. Sitaci yakan kai kashi 65 zuwa 70 cikin 100 na busasshiyar tsaba, furotin kuwa kashi 10 zuwa 15.

Wannan furotin ɗin, ko da yake shi ne kaɗan, shi ne ya sa alkama ta fi sauran hatsi kasuwa. Shi ne danƙon da ke sa kwaɓin fulawa ya miƙe ya riƙe iska har burodi ya tashi, abin da garin dawa ko na gero ba zai yi ba. Iri biyu ne: gulutenin mai ba da ƙarfi, da giliyadin mai ba da miƙewa. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 Peter Payne da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka nuna cewa ƙwayoyin gadon manyan gulutenin suna kan kuromosom na ɗaya na A da B da D, kuma wani nau'i da ke kan na D, wanda aka yi wa lamba 5+10, ya fi takwaransa 2+12 yin burodi mai kyau. Da wannan ilmi mai kyautata iri yana iya duba rabin tsaba ɗaya ya san ko zuriyarta za ta gamsar da mai gidan burodi.

Daga ƙarshe sai liƙe rumbu. Tantanin farin ciki su mutu bisa umarni, ba don cuta ba, hanyar sukari ta toshe, tsaba ta zubar da ruwanta ta bushe, ɗan tsiro ya yi barci. Da zarar an kai nan babu sauran ƙari. Ko ruwa ko taki aka kawo bayan wannan rana, an makara.

Abin da zafi ke yi

Agogon da ke tafiyar da waɗannan matakai da ɗumi yake aiki, ba da kwanakin kalanda ba. Shuka tana tara ɗumin kowace rana, in ya cika adadin da mataki ke bukata sai ta wuce zuwa na gaba. Inda ake sanyi, kamar Ingila, tsaba takan yi mako 6 ko 7 tana cika a hankali. A can ne wata gona ta ba da kusan tan 18 a hekta ɗaya a 2022, alhali matsakaicin duniya wajen tan 3 da rabi ne. Inda ake zafi kuwa adadin yakan cika da wuri, a liƙe rumbu tun bai cika ba. Gaskiya ne ɗumi yakan ɗan ƙara saurin zuba sitaci a kowace rana, amma ƙarin ba ya biyan kwanakin da aka rasa. Gwaje-gwajen da aka yi a Ostireliya sun nuna cewa, in matsakaicin ɗumi ya haura digiri 15 na ma'aunin Salshiyos a lokacin cika, kowane ƙarin digiri ɗaya yakan rage amfani da wajen kashi 3 zuwa 4 cikin 100. Wani babban nazari kuma da aka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da duniya ta ƙara ɗumi zai rage alkamar duniya da kashi 6 cikin 100.

Da an ɗauka yunwa ce ke kama tsaba a cikin zafi, watau ganye ne ya gaza kawo sukari. To, binciken da C. F. Jenner ya yi a Adilaid a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa sau da yawa sukarin yana nan jibge a cikin tsaba, mai ƙulla shi ne ya kasa. Inzayim ɗin da ke ƙulla sukari ya zama sarƙar sitaci rago ne a gaban zafi. Tun daga wajen digiri 25 aikinsa ke fara raguwa, in aka haura 30 kuwa sai ya faɗi ƙwarai. Ga kaya a ƙofar rumbu, amma mai ɗorawa ya suma. Wannan ya canja inda masu bincike ke duba, don ya nuna cewa ƙara wa ganye ƙarfi kaɗai ba zai wadatar ba.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. In zafi ya haura digiri 30 a 'yan kwanakin da bununi ke samuwa, kafin zangarniya ta fito, bununin yakan mutu, a sami zangarniya kyakkyawa a ido amma rabinta ƙaiƙayi. Zafin dare ma yana da nasa, don shuka tana numfashi da dare tana ƙone sukarin da ta tara da rana, dare mai ɗumi kuwa yana ƙara wannan ƙuna. Har ila yau akwai wani abu mai ruɗi. Tsabar da zafi ya motsar takan nuna furotin mai yawa a awo, mai saye ya yi murna. Alhali sitaci ne ya ragu, kuma in zafin ya kai digiri 35 ƙera giliyadin yakan ci gaba a yayin da na gulutenin ya ja baya, sai a sami kwaɓi marar ƙarfi.

Ba a daɗe ba duniya ta ga misalin wannan a fili. A watan Maris na 2022 zafi ya sauka da wuri a arewacin Indiya daidai lokacin da alkama ke cika, tsaba ta motse, kafin tsakiyar watan Mayu gwamnatin ƙasar ta hana fitar da alkama waje.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu

Tambayar da ke gaban masu kyautata iri ita ce: wace ƙwayar gado za a taɓa? Tarihin wannan aiki ya nuna cewa da wuya a sami riba a wani gefe ba a biya a wani ba.

Mafi shahara ita ce ƙwayar gadon gajarta. Wata alkama gajeriya ta Japan mai suna Norin 10, wadda aka fitar a 1935, an kai ta Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, daga can zuriyarta ta isa hannun Norman Borlaug a Meziko. A 1962 aka fitar da irin farko masu gajeren kara a can. Doguwar alkama in ta sha taki sai ta kwanta, gajeriya kuwa tana tsaye, kuma abincin da da zai tafi wajen yin kara sai ya koma zangarniya, a sami tsaba da yawa. Indiya ta sayi tan 18,000 na wannan iri a 1966. Alkamar da take girbewa ta tashi daga tan miliyan 12 a 1965 zuwa miliyan 20 a 1970, shekarar da Borlaug ya sami lambar Nobel. Daga baya aka gane yadda abin yake aiki: akwai wani sinadarin saƙo a jikin shuka mai suna jibaralin wanda ke cewa kara ya miƙe, ƙwayar gadon Rht kuwa ta toshe kunnen shuka daga jin wannan kira. Amma kurumtar ba a kara kaɗai ta tsaya ba. Kuben da ke rako tsiro daga cikin ƙasa shi ma ya gajarce, saboda haka in manomi a busasshiyar ƙasa ya binne iri da zurfi don ya kai ga laima, tsiron ba ya iya fitowa. Tsabar ma takan ɗan ƙanƙance. Shi ya sa a Ostireliya ake aiki da waɗansu ƙwayoyin gadon gajarta dabam waɗanda ba su da wannan aibi.

Misali na biyu ya shafi tsabar kai tsaye. A 2007 masana a ƙasar Sin suka gano wata ƙwayar gado a shinkafa, GW2, wadda aikinta shi ne taka wa rarrabuwar tantani birki a ɓawo. In ta lalace sai tsaba ta yi faɗi. Alkama tana da kofinta uku. Da aka sami dabarun gyaran gado na zamani, waɗanda ke iya yanke wuri ɗaya tak a cikin haruffa biliyan 16, sai a 2018 aka kashe kofin ɗaya bayan ɗaya, aka ga tsaba tana ƙara nauyi gwargwadon yawan waɗanda aka kashe. To, amma a gona sau da yawa shukar da ta yi manyan tsaba sai ta rage yawansu, a auna buhu a tarar kusan ɗaya ne. Akasin haka ma yana faruwa. A 2019 aka bayyana wata mai suna GNI1, wadda ke sa furanni na sama a kowane reshen zangarniya su zube. In ƙarfinta ya ragu furanni da yawa sukan kama, sai dai tsabar ƙarin ƙanana ce. Dalili kuwa shi ne, yawan tsaba da girmanta duk a lokaci ɗaya ake fara yanke su, kafin fure, kuma daga tukunya ɗaya suke ci.

Akwai gwaji ɗaya da ya nuna ana iya kauce wa wannan tarko. Masana a ƙasar Cile tare da na Ingila sun ɗauki wata ƙwayar gado ta alkama da ke ƙera furotin mai sassauta bangon tantani, wadda bisa al'ada a saiwa take aiki, suka sa ta buɗe a cikin tsaba kawai, bayan an riga an gama ƙidayar furanni. Sakamakon da suka buga a 2021 ya nuna tsaba ta ƙara nauyi, yawanta bai ragu ba, amfanin gona ya ƙaru da wajen kashi 11 cikin 100. Darasin wannan gwaji ya fi lambar muhimmanci: ƙwayar gadon ba sabuwa ba ce, wurin buɗe ta da ranar buɗe ta ne aka sauya.

Na uku shi ne NAM-B1, wadda aka gano a 2006 a jami'ar Kalifoniya da ke Debis, a jikin alkamar daji. Shugabar aiki ce mai ba ganye umarnin ya tsufa ya kwashe abin da ke cikinsa ya aika wa tsaba. Irin da ke da ita yakan fi furotin da sinadarin ƙarfe da zinki, amma yakan nuna da wuri, tsabarsa ta rage nauyi. Yawancin alkamar zamani ta rasa wannan kofi, da alama manoman farko ne suka zubar da ita ba da saninsu ba sa'ad da suke zaɓar tsaba mai ƙiba. Sai dai abin da yake hasara a ƙasar sanyi yana iya zama riba inda zafi zai yanke kakar ko ana so ko ba a so, don gara shuka ta kwashe kayanta da kanta kafin gobara ta iso.

Inda ake nemo juriya

Jure zafi ba ƙwayar gado ɗaya ce ke riƙe da shi ba, ɗaruruwa ne, kowace da ɗan rabonta. Dabarun da shuka ke bi kuwa sanannu ne. Akwai gudu, watau nuna da wuri. Alkamar ƙasashen sanyi tana jiran ta sha sanyi mai tsanani, sa'an nan yini ya yi tsawo, kafin ta yi fure. Da ba don canje-canje a ƙwayoyin gadon Vrn da Ppd ba, waɗanda suka cire mata wannan jira, da alkama ba ta taɓa fitar da kai a Kadawa ba. Akwai ajiya, watau irin da ke tara sukari a cikin kara kafin fure, ya juye shi cikin tsaba in ganye ya ƙone. Akwai kuma sanyaya kai. Shuka mai dogayen saiwoyi tana jawo ruwa tana fitarwa ta ƙofofin ganye, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa, har gonar ta fi iskar da ke kanta sanyi da digiri da dama. Wannan dabara ta fi ci inda iska take a bushe, kamar ta hunturu.

A cibiyar kyautata masara da alkama ta duniya da ke Meziko, CIMMYT, akan jinkirta shuka da gangan a gonakin Obregon don alkama ta yi fure cikin zafi, a ga wadda za ta tsaya. Tun shekarun 1980 kuma suke sake ɗaura auren nan na asali da hannu, suna haɗa alkamar makaroni da ciyawar da ta ba da gadon D, don ƙalilan ne daga cikin dangin ciyawar suka shiga auren farko, sauran dukiyar tana daji. Wani rahoto na 2023 ya nuna cewa waɗansu layukan da ke ɗauke da gadon dangin daji sun fi na zamani amfani nesa a gonar zafi, ganyensu ya fi sanyi da wajen digiri 2, kuma ba su gaza ba a gonar da babu zafi. Daga wata tsohuwar alkama ma aka samo ƙwayar gadon da ke tare gishiri a saiwa, wadda a 2012 ta ƙara amfanin alkamar makaroni da kashi 25 cikin 100 a ƙasa mai gishiri a Ostireliya. Duk wanda ya ga yadda kanwa ke fitowa a tsofaffin filayen ban-ruwa marasa magudana ya san wannan ba zancen nesa ba ne.

Ana yawan ambaton alkamar HB4 ta Ajantina, wadda aka sa wa wata shugabar aiki daga furen sanfulawa don ta jure fari. Ajantina ta amince da ita a 2020, Nijeriya kuma ta ba da izinin shigo da ita don ci a 2022. Ribarta ta fi bayyana a gonakin da ruwan sama ya yanke musu. Ga mai noman rani wanda ruwansa daga madatsa yake, ba ita ce babbar bukata ba. Abokin gabansa zafin Maris ne. Darasin da ya fi kusa da shi yana Sudan, inda masu bincike na Wad Madani suka daɗe suna zaɓen iri a filin Jazira, ɗaya daga cikin wurare mafiya zafi da ake noman alkama a duniya, har suka fitar da irin su Imam. A Nijeriya Cibiyar Binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ita ke da alhakin alkama, kuma ta fitar da iri masu jure zafi kamar Norman da Reyna-28.

Amma duk irin da aka kawo, lissafin kwanaki yana nan. A yankin Kano daren Disamba da Janairu yakan sauka wajen digiri 13 zuwa 15, ranar Maris kuwa takan haura 36. Irin da ake nomawa a nan sukan fitar da kai bayan wajen wata 2, su nuna cikin wata 3 ko da 'yan kwanaki. Wanda ya shuka a tsakiyar Nuwamba, alkamarsa za ta yi fure a tsakiyar Janairu, ta gina rumbunta ta cika shi kafin Fabrairu ya ƙare. Wanda ya shuka a farkon Janairu, bununinsa zai samu a ƙarshen Fabrairu, tsabarsa ta cika a tsakiyar zafin Maris, daidai inda mai ƙulla sitaci ke suma. Jinkirin kuwa sau da yawa ba daga manomi yake ba: shinkafar damina ba ta tashi daga fili da wuri ba, ko ba a saki ruwa a magudana ba, ko takardar iri da taki ta kwana a kan tebur. Haka nan irin da ke sanyaya kansa da ruwa yake yi, in aka yanke ban-ruwa mako biyu kafin lokaci, dabarar ta mutu.

Shi ya sa mai kyautata iri a irin wannan ƙasa yakan shuka kowane layi sau biyu, ɗaya a kan kari ɗaya a makare, ya ƙirga tsaba 1,000 daga kowanne ya ɗora a sikeli. Tsaba 1,000 masu ƙoshi sukan yi giram 35 zuwa 45. Layin da nauyinsa bai faɗi sosai ba a shukar makara, kuma bai gaza sauran ba a ta kan kari, shi ake ajiyewa a sake gwadawa baɗi a Kadawa da sauran filayen gwaji.